Wa Ke Cin Wa a Gona?

Wani malamin gona ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci lacca a kan abincin halittu. Ga abin da ya faɗa.

Ya ce duk abinci daga rana yake farowa. Ganyen gero ya kama hasken rana ya yi abinci. Fara ta ci gero, gwara ta ci fara, shaho ya ci gwara. Amma a kowane mataki, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba. Sauran yakan ƙare wajen motsi da numfashi. Shi ya sa fara ke da yawa, shaho kuwa ɗai-ɗai ne.

Sai ya kawo labarin ƙasar Sin. A 1958 gwamnatin Mao ta ce a kashe gwara don tana cin hatsi. Jama'a suka yi ta kaɗa kwanoni, har tsuntsayen suka gaji suka faɗo matattu. Ashe da ƙwari gwara ke ciyar da 'ya'yanta. Da ta ragu, sai fara ta samu sake ta auka wa gonaki. Wannan ya ƙara tsananta yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane. A 1960 aka janye umurnin.

Wani dattijo ya ce, "To Malam, mujiya fa?" Malam ya ce ai ita ke kama ɓerayen da ke ɓarna a rumbu da dare, don haka a hana yara jifanta.