Abuja: Birnin Da Aka Shimfiɗa Wa Mota

Jawabin da aka yi wa wani taron 'yan Arewa mazauna Ikko



An nemi in yi magana a kan titunan Abuja, domin da wuya a sami wani a cikinku wanda ba shi da ɗa ko ƙane a can, balle tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi cikin 2020, ta kuma tsananta cikin 2022, har wasu yaranmu suka tattara nasu ya nasu suka nufi can.

Ran 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar ƙaurar da babban birnin ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Cunkoson Ikko yana cikin manyan dalilai. Wani kamfanin Amurka, watau International Planning Associates, shi ya zana taswirar sabon birnin, ya miƙa ta cikin 1979, Gwamnatin Tarayya kuwa ta tare ran 12 ga Disamba 1991. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron cunkoso ya sa aka shimfiɗa tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, yadda mota za ta yi ta sheƙa gudu ba tsayawa. Daga baya ma aka faɗaɗa hanyar Kubwa da ta filin jirgin sama, kowace ta zama layi 10.

A yi wa masu zanen adalci. Sun keɓe filaye domin motocin safa da jirgin ƙasa su riƙa ratsa unguwanni. Sai dai titin mota aka fara ginawa, sauran aka jingine. Jirgin ƙasa na cikin gari bai soma aiki ba sai 2018, ya tsaya cikin 2020, aka sake tayar da shi cikin 2024, har yanzu kuwa bai leƙa Nyanya ba.

To, ina talaka yake kwana? Lebura da maigadi da mai shayi ba su iya kama ɗaki a Maitama ko Asokoro. Suna Nyanya da Mararaba da Lugbe da Kubwa, kullum sai sun shigo da sassafe. Mota ta sauke mutum a wannan gefe, wurin aikinsa yana wancan, ga layi 10 a tsakani. An gina gadojin ƙetarawa, gaskiya ne, an kuma ja shingen waya a tsakiyar titi don a tilasta wa mutane hawa. Amma jama'a, ku dubi wanda aka ce ya hau. Mai ruwa da kurarsa cike da jarkoki, ta ina zai bi matakala? Tsohuwa fa, da mace mai ciki, da gurgu? Wata gadar sai mutum ya yi tafiya mai nisa cikin rana kafin ya cim mata, wata kuma ba a yarda a hau ta da dare saboda ɓata-gari. In ya gaji ya ratsa titi mota ta kaɗe shi, sai ka ji ana cewa ƙauyanci ne ya kashe shi. Ni a ganina, an auna hanyar ne da bukatar direba, aka bar mai ƙafa ya san dabarar da zai yi.

Batun keke kuwa, cikin 2001 Ministan Sufuri, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran mutane su koma hawan keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis, har wata motar safa ta ture shi cikin lambatu. An yi ta yi masa dariya. Amma in minista mai 'yan rakiya bai tsira ba, ina ga masinja? Mu da muka taso muka ga malamai da ma'aikata suna tuƙa Rali a Kano da Zariya mun san keke ba abin kunya ba ne. A ƙasar Holan, da mace-macen yara a kan titi suka yi yawa cikin shekarun 1970, iyaye ne suka fito suka matsa wa hukuma, aka riƙa ware wa keke hanyarsa dabam. Mu kuwa cikin 2006, zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i, an kori acaɓa daga tsakiyar Abuja, ba a bai wa keke ko taƙi ɗaya ba.

Har gobe ana buɗe sababbin unguwanni a Abuja, gyara kuwa ya fi sauƙi kafin a zuba kwalta. Saboda haka in wakilanmu na Majalisar Tarayya sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su dakalin masu tafiya a ƙasa wanda ba a ajiye mota a kansa, da fitilar tsayar da motoci a bakin kasuwa da makaranta, da gada mai gangara wadda kura za ta iya hawa, da hanyar keke mai shinge. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma su rubuta waɗannan a takarda, su aika wa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya da sa hannun sarakunanmu.