Idan Ƙofar Suwic Ta Mutu



An nemi in yi magana a kan suwic. Ba na fitilar ɗaki nake nufi ba, a'a, akwatin nan mai ƙofofi 24 ko 48 wanda wayoyin kwamfutocin ofis suke taruwa a jikinsa. Zan fara da abin kunyar da na yi.

Bara ina koyon aiki a wata ma'aikata, ran da ake shirya takardun albashi, sai kwamfutar akawu guda ta yanke daga sauran. Don rawar kai na ruga na kashe suwic ɗin baki ɗaya, na sake kunnawa. Aikin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba ya tsaya cik, akawun kuwa yana nan yadda na same shi. Maigidana bai yi faɗa ba, sai ya tambaye ni ko na ji ta bakin na'urar kafin in yanke mata hukunci.

To, yaya ake jin ta bakinta? A suwic na Cisco, sai ka rubuta "show interfaces status", ya jero maka halin kowace ƙofa. In ya ce "disabled", mutum ne ya rufe ta da gangan, "no shutdown" zai buɗe ta, amma ka fara sanin dalilinsa.

In ya ce "notconnect", wato ba ya jin motsin kowa a ɗaya ƙarshen. Nan sai ka tashi daga kujera. Shin kwamfutar tana kunne? Ɓera bai ci waya ba? Tsawonta bai zarce mita 100 da aka ƙayyade wa wayar tagulla ba? Cire ta ka soka a ƙofar da ka tabbata tana aiki. In cutar ta biyo waya, laifin ba na ƙofa ba ne. A wayar gilashi kuwa, sau da yawa an juya silin aikawa da na karɓa ne, ko ƙurar hunturu ta zauna a bakinta.

Amsa ta uku ita ce "err-disabled", ita ce kuma ta kunyata ni. Ma'anarta suwic ne da kansa ya rufe ƙofar, domin ya ga abin da zai cuci kowa. Da muka duba ƙarƙashin teburin akawun, sai ga ɗan ƙaramin suwic na kasuwa, wani mai son tsabta ya ga waya tana reto, ya soke bakinta biyu duka a jikinsa. Wannan da'ira ce, saƙon Ethernet kuwa ba shi da wa'adin mutuwa, sai ya yi ta kewayawa yana ninkuwa har hanya ta toshe wa ofis duka. Saboda irin wannan haɗari ne Radia Perlman ta ƙago dabarar hana da'ira a 1985. Babban suwic ɗinmu ya ji saƙonsa na tsaro ya komo masa ta ƙofar da ya fita, ya datse ta. Da na kashe na kunna ya buɗe ta, sa'an nan ya sake rufewa nan take, da gaskiyarsa.

Muka zare wayar, muka rubuta "shutdown", sa'an nan "no shutdown", fitila ta koma kore, albashi ya fita a kan lokaci.

Akwai saitin da ke sa ƙofa ta buɗe kanta bayan daƙiƙa 300. Wasu abokaina suna sonsa don yana rage musu hawan bene. Ni dai ban yarda a dogara da shi ba, domin wayar nan tana nan a ƙarƙashin tebur har sai wani ya durƙusa ya zare ta.

Malam Shugaba, nan zan dakata, ko akwai mai tambaya.