Takarda Ba Ta da Ƙafa

 

Maganarmu ta yau a kan takardar da malamin asibiti kan rubuta ce, in zai tura marar lafiya zuwa babban asibiti. Wani manomi ya kai ɗansa ɗan shekara 14 ɗakin shan magani na garinsu. Yaron ba ya duban mutum ido da ido, ba ya shiga cikin tsaransa, in an gusar da tabarmarsa daga inda ya saba sai ya yi ta kuka. Malam ya ce a kai shi likita ya duba ko galahanga ce, ya aika da takarda, ya ce za a sa musu rana. Mutumin nan ya koma gida ya zauna. Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Da ya je ya bincika, ashe takardar ba ta ko isa ba.

To, mece ce galahanga? Likitoci suna kiranta otizim. Hali ne da yaro ke tasowa da shi tun yana ƙarami, ya shafi magana, da cuɗanya da mutane, da son maimaita abu guda. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne, allurar rigakafi kuma ba ta kawo shi. Ba a gane shi da awon jini. Likita zai yi tambaya ne, ya lura da yaron, ya sa a auna jinsa, don kada a ɗauki kurma a matsayin mai galahanga.

Wani zai ce, ai yaro ya riga ya girma, mene ne amfanin? Akwai amfani ƙwarai. Ba wata ƙwaya da ke kawar da shi, amma in an san abin da ke damun yaro, sai a daina dukansa, a san yadda za a koya masa karatu ko sana'a. Ban da wannan, da yawa daga cikinsu suna da farfaɗiya, wadda ta kan fara lokacin balaga, ita kuwa tana da magani.

Saboda haka ga abin da za ku yi in rana ta yi jinkiri.

Na fari, in an yi mako 2 ba labari, koma wurin malamin da ya rubuta takardar. Tambaye shi ranar da aka aika, da asibitin da aka aika, da sashen da za ta je. Wannan ba raini ba ne, hakkinka ne.

Na biyu, roƙe shi ya ba ka kwafi. In da mai waya kusa, a ɗauki hotonta. Ajiye ta cikin leda, kada ruwa ko gara su ci.

Na uku, zuwa da kai ya fi aike. Masu wannan bincike suna manyan asibitoci ne, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Tafi da sassafe, nemi ɗakin kati, tambayi ranar da likitan yara da matasa ke zama. Kada ka fito sai an rubuta maka rana a kati.

Na huɗu, ran zuwa a tafi da uwar yaron, ko kakar da ta raine shi. Za a tambayi yaushe ya fara magana, yaya ya ke wasa yana ɗan shekara 2 ko 3. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A riƙo katin awonsa, da 'yar wasiƙa daga malamin makaranta.

Amma fa ku ji wannan da kyau. In yaro ya faɗi yana shure-shure, ko yana ji wa kansa ciwo, ko ya ƙi abinci, ko ya kwana biyu ba barci, ba a jiran rana. A kai shi asibiti nan take. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki.

Iyaye, haƙuri abu ne mai kyau, amma haƙuri daban, zama daban. Takarda ba ta da ƙafa, sai an bi ta. Mai nema kuwa yana tare da samu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.