Kek, Gireba da Ma'auni



Batun da muka zo da shi yau shi ne na matan da ke gasa kek da biskit a cikin gidajensu don sayarwa, tun daga unguwannin Gusau har Tsafe, da Bungudu, da ƙauyukanta irin su Kekun Waje. Wataƙila wani ya ce wannan ai zancen madafa ne, bai kai a kawo shi zauren jami'a ba. Mu kuwa muna ganin macen da ta tsaya gwada sabon haɗi bincike take yi, kamar yadda muke yi a ɗakin gwaje-gwaje, sai dai ita in gwajin ya ɓaci, jarinta ne ya tafi.

Da farko dai, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin kek ya iso, iyayenmu suna yin alkaki da barzajjiyar alkama, su bar ƙullin ya kwana ya yi tsami, su kashe tsamin da kanwa, su soya, su tsoma a zuma ko ruwan sukari. Suna daka nakiya da shinkafa da man shanu da kayan yaji. Ga dubulan, ga gireba wadda ake gasawa da riɗi a kanta. Har gobe garar amarya ba ta cika sai da irin waɗannan. Kek da cincin sun zo ne daga baya, suka sami wuri a cikin fanteka guda.

To, ina matsalar take? Tana ga fulawa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ake ci a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978, da burin noman rani har da na alkama. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama don a noma ta gida, amma abin da aka noma bai wadatar ba, aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990. A 2012 gwamnatin Jonathan ta sake ɗaga maganar cuɗa garin rogo a burodi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, aka kuma saki darajar naira a 2023, sai farashin buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabo. Watau abin da ya faru a bakin Baƙin Teku ya iske mai gasa kek har tsakar gidanta a Tsafe.

A nan ne ilminmu zai yi rana. Abin da ya bambanta alkama da dawa da gero da shinkafa da rogo shi ne wani sinadari mai danƙo da ke cikinta, wanda ke riƙe iska har burodi ya tashi. Burodi ba ya yi sai da wannan danƙo. Amma kek da biskit ba sa bukatarsa da yawa, hasali ma in aka cika buga ƙullin kek bayan an zuba fulawa, danƙon ne ke sa ya yi tauri. Saboda haka mai kek ta fi mai gidan burodi damar rage fulawa. Tana iya fara gwaji da kashi ɗaya cikin huɗu na garin farar dawa ko na shinkafa mai laushi, ta duba, sa'an nan ta ƙara ko ta rage. A biskit kuwa, ga gyaɗa da riɗi a kasuwanninmu. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Amma fa gwaji ba ya zama ilmi sai da ma'auni. Tsohuwar ƙa'idar kek ta Ingila ita ce a daidaita nauyin abubuwa huɗu: fulawa, bota, sukari da ƙwai. Nauyi aka ce, ba cikin mazubi ba. Mu kuwa da gwangwanin madara muke awo, alhali gwangwani guda na sukari ya fi na fulawa nauyi nesa ba kusa ba. Haka kuma littafi zai ce a gasa a zafin digiri 180, alhali ita tukunya gare ta da yashi a ciki, da gwangwanayen kifi, da garwashi a ƙasa da bisa murfi. In ya yi kyau yau, gobe ya ƙone, ba ta da abin da za ta koma ta duba. Tsofaffin da suka gwanance da alkaki ma da ido da hannu suke awo. Ranar da ɗayarsu ta kwanta dama, ma'auninta ya bi ta.

Don haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, kowannenmu in ya je hutu ya zauna da inna ko gwaggo ko kaka, ya rubuta yadda take haɗa alkaki da nakiya da gireba, gwangwani nawa, cokali nawa, kwana nawa. Na biyu, 'yan'uwanmu na sashen kimiyya su auna waɗannan mazubai da sikeli, su fitar da jadawali da Hausa wanda zai shiga shafi guda, har da hanyar gane zafin yashi. Na uku, waɗanda suka kama aikin gwamnati a cikinmu, in za a yi taro a ofis, su tuna da matan unguwa kafin su aika a sayo biskit na kanti.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma su sun daɗe suna gwadawa da kuɗinsu. Namu shi ne mu kai musu alƙalami da sikeli. Allah ya sa mu dace.