Jawabi Kan Saran Itatuwa a Unguwanninmu



Damina ta ƙarato, kuma mun san halin iskar farkon ruwa a garin nan na Gombe. Kowa ya duba darbejiyar ƙofar gidansa. In gara ta ci gindinta, ko reshe ya hau katangar maƙwabci, a yi maganin abin tun yanzu.

Amma don Allah kada a ba yara gatari. A nemo masu sana'ar, masu inji da igiya, waɗanda ke sauke reshe gunduwa-gunduwa. Kafin su hau a yi ciniki gaban shaidu: nawa ne ladan, wa ke da icen, wa zai biya in an fasa kwanon wani. In rassan sun kusa wayar wuta, sai ma'aikatan lantarki sun ɗauke wuta tukuna. Araha dai ba ta ado.

Sannan rage rassa ya fi kayar da bishiya. Ƙasar Gombe rairayi ce, garin kuma a kwari yake. Ba mu manta ambaliyar 2004 ba, ga zaizaya tana cin gidaje. Saiwa ke riƙe ƙasa, shi ya sa gwamnatin jiha ta fito da shirin 3G a 2019, na dasa itatuwa miliyan ɗaya duk shekara.

Da muka zo garin nan, inuwar da wasu suka dasa muka tarar. Saboda haka wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya ba su ruwa da rani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.