Sanin Goro Ma Jari Ne

Iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo ta Shagamu.

Maganarmu yau a kan 'ya'yanmu ce da wayoyin da ke hannunsu. Mu da muka tashi a rumfar goro, mun san daushe, mun san goron da sankara ta ci tun ba a gama kwance huhu ba. To jama'a, wannan sanin kuɗi ne. Ɗan kasuwa a Kano ko Sakkwato yana son jin farashin ƙwarya kafin ya turo kuɗinsa. Yaron da ya tsaya kan goro kaɗai, kowace safiya ya aika musu farashi da hoton kaya ta WhatsApp, wata rana shi za su riƙa sa wa saye, ya ci la'adarsa.

Amma fa da sharaɗi biyu. Kada ya zama yau goro, gobe siyasa, jibi ƙwallo; taura biyu ba ta taunuwa. Na biyu, amana. Ran da ya ɓoye aibin kaya, ya zubar da sunan da iyayenmu suka gina a garin nan, kuma Allah Yana gani.

Mu iyaye, mu zaunar da su a rumfa su koya tukuna. Allah Ya sa albarka a nemanmu.