Wanda Ya Yi Ɓarna Shi Ne Da Biya

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, ga kaka ta gabato, lokacin da husuma kan yawaita tsakanin manoma da makiyaya. To, akwai wani reshe na shari'a wanda masu koyon aikin lauya ke karantawa tun farko, wato shari'ar ɓarna da diyya. Ba ɗauri ake nema cikinta ba, sai a mayar wa mutum hasararsa.

Littafin Risala ya bayyana cewa in dabbobi suka ci shuka da dare, biya na kan masu su. Da rana kuwa tsaron gona na mai gona ne. Turawa ma suna kama mai sakaci. A 1932 babbar kotun Birtaniya ta ɗora wa mai yin abin sha alhakin lafiyar masu sha, bayan wata mace ta ce ta tarar da mataccen dodon koɗi cikin kwalba.

Saboda haka wanda aka yi wa ɓarna kada ya ɗauki sanda. Ya kirawo mai unguwa da shaidu su kimanta tun sawu bai ɓace ba, sa'an nan ya nufi gaban alƙali. In ya sari saniya kuwa, shi ma sai ya biya ta.